Mai keke da mai mota: wa ya fi karya dokar hanya?

Tambaya: "Ni direba ne a Kano, kullum ina kan titi. Masu keke sun ishe mu. Su yi aron hannu, su wuce danja tana ja, da dare ba fitila, amma da ka taɓa ɗayansu sai jama'a su yi caa a kanka. Me ya sa doka ba ta hawa kansu? Ba gara a hana su hawa manyan tituna ba, kamar yadda aka hana acaɓa?"

Malam direba, duk abin da ka lissafa yana faruwa, ba zan yi maka musu a ko ɗaya ba. Aikina koyar da tuƙi ne da horar da direbobin haya a kan kiyaye haɗurra, kuma da wuya a tashi zama ba wanda ya kawo wannan ƙorafin ba. Sai dai kafin in taya ka faɗa da masu keke, ga wani ɗan aiki. Gobe da yamma ka ajiye motarka kusa da wata mahaɗa mai danja, a Titin Zariya ne ko Zoo Road, ka tsaya daga gefe ka lura da waɗanda ke wucewa bayan wuta ta yi ja. Za ka ga mai keke, babu shakka. Bayansa ga ɗan sahu, wato direban a-daidaita-sahu, ya kutsa, ga mai babur da maiɗakinsa da yara uku, ɗaya a kan tanki, ga motar gida mai baƙin gilashi mai ita yana waya, can kuma jiniya ta taso kowa ya dare. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Mai keken nan da kake gani da direban nan mutum ɗaya ne. Da yawa daga cikin masu tuƙa mota yau da keke suka fara, daga nan babur, daga nan sahu. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuwa, tafiyar ta fara juyawa baya: ma'aikata da 'yan kasuwa da dama sun jingine abin hawansu sun koma feda. Halin da mutum ya tashi da shi a kan titi shi yake ɗauka ya hau duk abin da ya samu da shi. Abin da ke canzawa kawai shi ne nauyin ƙarfen da ke hannunsa da gudunsa, kuma a nan ne duk maganar take.

Bari mu yi lissafi. Ƙaramar mota da mutanen cikinta ta kai kilo 1,500. Mai keke da kekensa, a ce kilo 90. Idan motar tana gudun kilomita 50 a sa'a, shi kuma yana 15, ƙarfin bugun da motar ke ɗauke da shi ya ninka nasa kusan sau 180. Dalili kuwa, ƙarfin bugu ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu: ka ninka gudu sau biyu, bugun ya ninka sau huɗu. Saboda haka idan mai keke ya wuce jar wuta, da ransa ya yi caca. Idan kai ka wuce ta, da ran wani ka yi. Su biyun sun karya doka ɗaya, amma ba za a ɗora su a sikeli ɗaya ba, kuma jama'ar da ke yin caa a kanka, ko da sun yi rashin adalci a ranar, wannan bambancin ne suke gani da idonsu.

Akwai wani lissafin da nake so kowane direba ya haddace. A gudun 50, motarka tana cin kusan mita 14 a kowace daƙiƙa. Daga lokacin da idonka ya ga yaro ya faɗo titi zuwa lokacin da ƙafarka ta taka burki, daƙiƙa ɗaya ta tafi, idan ma hankalinka na kan hanya ke nan. Burki mai kyau a busasshen titi zai ƙara cin kamar mita 14. Jimla mita 28. Yanzu a ce kana 80, wanda mutane da yawa ke yi a cikin gari da zarar sun ga titi ya buɗe. Kafin ka taka burki ka ci mita 22. A daidai wurin da mai gudun 50 ya tsaya cak, kai kana tafiya da fiye da 70. Ka kuma tuna wannan lissafin mai sabuwar taya ne, ba tayar Beljiyam da ta suɗe ba. Dokar hanya ta Najeriya ta sa iyakar gudu a cikin gari 50 ne ga ƙananan motoci da motocin haya, 45 ga tirela da tanka. Na sha tambayar ɗakin da ya cika da direbobi wannan adadin, waɗanda suka sani ba su cika yawa ba.

To me ya sa mai keke yake yin abin da yake yi? Aron hannu shi ne babba, kuma yana da dalilai biyu. Na farko, yadda aka gina titunan. An faɗaɗa hanya, an sa shingen kankare a tsakiya, wurin juyawa yana can gaba da nisa. A wurinka, ƙarin tafiyar minti biyu ce da ɗan mai. A wurin dattijon da ya ɗauro buhun kayan miya a kariya daga 'Yan Kaba, rana tana dukansa, zuwa da dawowa ne da ƙarfin cinya, sannan idan ya isa wurin juyawar sai ya ratsa layi uku na motoci masu gudu kafin ya shiga. Sai ya zaɓi ya lallaɓa ta gefen titi yana fuskantar motoci. Gadojin sama da na ƙasa da aka yi a Kano, irin na Ƙofar Nasarawa da Kabuga da Dangi, sun rage cunkoso, amma da mai mota a rai aka zana su. Ka duba ko'ina a kansu, ina aka ce mai keke ya bi?

Dalili na biyu kuskuren fahimta ne. An koya wa mai tafiya a ƙasa ya fuskanci motoci idan babu gefen tafiya, kuma daidai ne. Mai keke sai ya ɗauka shi ma haka ya fi masa, gara ya ga abin da zai buge shi. Wannan tunanin ya kashe mutane da yawa. Idan mota mai gudun 50 ta biyo shi ta baya yana 15, tazarar da ke tsakaninsu tana rufewa da gudun 35, direba yana da lokacin kaucewa. Idan gaba da gaba ne, 65 ke nan. Ga kuma abin da ya fi wannan muni: direban da zai fito daga layi ya hau babban titi hagunsa yake kallo, don daga nan motoci ke zuwa. Da ya ga sarari sai ya taka. Mai aron hannu kuwa daga dama yake tahowa, inda ba wanda ke dubawa. Tun ranar 2 ga Afrilun 1972 Najeriya ta koma tuƙin hannun dama, kuma dokar ta haɗa da keke. Keke abin hawa ne a idon doka, hannunsa hannun mota ne.

Wuce danja kuma, mai keke yana ƙyashin tsayawa ne saboda tashi daga tsaye shi ne mafi wahala, musamman da kaya. Wasu kuma sun lura cewa idan suka jira kore, tare za a saki kowa, a matse su tsakanin sahu da bas. Ban ce uzuri ba ne. Akwai wuraren da suka duba wannan suka gyara dokar da kanta: jihar Idaho a Amurka tun 1982 ta yarda mai keke ya rage gudu ya duba ya wuce a alamar tsayawa, birnin Faris ma ya ba su damar wuce wasu jajayen wutar a inda aka kafa alama ta musamman. Amma can direba yana tsayawa idan aka ce ya tsaya, shi ya sa ake iya yi wa mai keke rangwame. A mahaɗar da ɗan sahu ke shiga ta kowace kusurwa, wannan ba zai yi aiki ba.

Wanda ba ni da abin karewa a kansa shi ne tafiyar dare ba fitila. Mutum da baƙar riga, a titin da fitilunsa suka mutu, motar da ke tahowa ta ɗaya hannun ta kashe maka ido da doguwar wuta: ba za ka gan shi ba sai kana kansa. 'Yar tocila mai caji a gaba, jar fitila ko abin ƙyalli a baya, kuɗinsu bai kai na canza taya ɗaya ba. Kuma yawancin kekunan da ke yawo burki ɗaya ne ke aiki, wani ma da silifas yake tsayawa. Masu gyaran keke sun fi kowa sanin wannan, da a ce za a haɗa kai da su, su riƙa liƙa abin ƙyalli a duk keken da aka kawo faci, da an ga bambanci cikin shekara guda.

Wani bincike da aka yi a Denmak a 2019 ya dace da tambayarka. An kafa kyamarori a mahaɗu aka kalli dubban masu keke. Inda aka ware musu hanyarsu, waɗanda suka karya doka ba su kai 5 cikin 100 ba. Inda babu, adadin ya tashi zuwa 14 cikin 100. Mutane iri ɗaya, ƙasa ɗaya, titi ne ya bambanta. Holan da ake ba da misali da ita yau ma ba haka ta tashi ba. A 1971 mutum kusan 3,300 suka mutu a titunanta, fiye da 400 yara ne. Iyaye mata suka fito zanga-zanga suna cewa a daina kashe musu 'ya'ya, daga nan aka fara ware hanyar keke da rage gudu a unguwanni. A dokarsu ta yanzu, idan mota ta buge mai keke, in ba a wani yanayi na musamman ba, mai motar ne ke ɗaukar aƙalla rabin asarar ko da mai keken yana da laifi, idan kuwa yaro ne da bai kai 14 ba, duka. Birtaniya ma a Janairun 2022 ta rubuta a dokar hanyarta cewa wanda abin hawansa ya fi iya yin ɓarna shi ya fi ɗaukar alhaki, ta kuma ce a bar wa mai keke tazarar mita ɗaya da rabi in za a wuce shi. Ka ga abin da kake kuka da shi, wasu da gangan suka mayar da shi doka.

Mu dawo gida. Ka tambayi me ya sa doka ba ta hawa kan masu keke. Amsar ba ta da daɗi: babu abin da za a samu a jikinsu. Keke ba shi da lamba, ba shi da takardu, mai shi ba shi da lasisin da za a ƙwace. Inda aka mayar da kame hanyar tara kuɗin shiga, ido yana kan wanda zai iya biya. Hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya tana nan tun 1988, KAROTA mai kula da zirga-zirgar ababen hawa a jihar Kano tun 2012, ga 'yan sanda, ga VIO masu duba lafiyar motoci. Ba rashin hukuma ke damunmu ba. Abin da direba ya koya daga mu'amalarsa da titi shi ne laifi ba laifi ba ne sai an kama ka, kuma ko an kama ka akwai magana. Shi ya sa za ka ga ɗamarar kujerar mota, wato bel, tana hawa kafaɗa idan an hango masu kaki, tana sauka da an wuce su. A jadawalin tarar da aka daɗe ana aiki da shi, rashin ɗaura ɗamara naira 2,000 ne, waya a kan tuƙi 4,000. Tsadar tara ba ita ke gyara hali ba, tabbacin cewa za a kama kowa, kullum, har mai jiniya, shi ke gyarawa.

Ka tuna Janairun 2009, da aka tilasta wa masu babur sa hular kwano. A Kano har ƙwarya wasu suka kifa a ka suka ɗaure da igiya, labarin ya zaga duniya ana dariya. Fasinjoji kuma suka ce ba za su sa hular da wani ya sa ba, ko don ƙwarƙwata ko don tsoron asiri. An kawo doka ba a shawo kan mutane ba, ba a jima ba ta bi ruwa. Ga shi kuwa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hular kwano mai kyau tana rage haɗarin mutuwa fiye da ninki shida.

Sai kuma yadda ake zama direba. A ƙa'ida, mutum zai shiga makarantar koyon tuƙi da aka amince da ita, VIO ta gwada shi, sannan a ba shi lasisi. A zahiri, da yawa a hannun maigida suka koya, daga wanke mota zuwa ja da baya a tasha, lasisin kuma ya zo ta hannun wani. Sun iya sitiyari ƙwarai, wasunsu sun fi malaman makarantar iyawa, amma ba wanda ya taɓa gaya musu wa ke da hannu a shataletale. Ɗan sahu kuwa yana da balas da zai kai wa mai mashin da yamma ko an samu ko ba a samu ba, ga mai, ga tikiti. Duk fasinjan da ya ɗaga hannu kuɗi ne, shi ya sa yake yanko titi ba sigina ya tsaya a gabanka. Wanda ya fi shan wahalar wannan yankan, in ka lura, mai keke ne, don a bakin titin da ɗan sahu ke faɗowa nan yake tafiya.

Akwai maganar da ba na so in tsallake, ita ce ta ƙaddara. Ana yin haɗari, kafin a ɗauke gawa an ce kwana ne ya ƙare, dangi su ce sun yafe, direba ya koma kan hanya da burkin da ya kashe mutum. Imani da ƙaddara gaskiya ne, yafiya kuma alheri ce. Amma addinin da ya koya mana su shi ne ya ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali, kuma shi ne ya ɗora wa wanda ya yi kisan kuskure diyya da kaffara, azumin wata biyu a jere ga wanda bai samu abin 'yantawa ba, kamar yadda ya zo a aya ta 92 ta Suratun Nisa'i. Da kuskure ba shi da nauyi, da ba a sa masa wannan ba. Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya da ba su saɓa wa shari'a ba wajibi ne, kuma wanda ya yi sakaci ya jawo ɓarna zai ɗauki alhakinta. Ina mamakin yadda mutum zai kiyaye sahun sallah ƙafa da ƙafa, ya fito daga masallaci ya yi aron hannu. Ka dubi titi minti goma kafin shan ruwa a watan azumi, ko ayarin kai amarya da samari ke wasa da mota, za ka gane abin da nake nufi.

Adadin ba ƙarami ba ne. A duniya mutum kusan miliyan 1.19 ke mutuwa a hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma haɗarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. A Najeriya, hukumar kiyaye haɗurra ta ƙirga fiye da mutum 5,000 a 2023, haka ma a 2024. Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya haura 30,000 a shekara. Giɓin ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san mu: wanda aka buge a ƙauye da safe, an yi masa sutura kafin azahar, ba wanda ya rubuta.

Batun a hana keke kamar yadda aka hana acaɓa, ban goyi baya ba. Hana ɗaukar fasinja a babur da aka yi a Kano a Janairun 2013 don tsaro ne, bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, ba don dokar hanya ba. Kuma me ya biyo baya? 'Yan acaɓa suka koma sahu da halinsu. A Maiduguri da aka hana babur a 2011, keke ne ya ɗauki jama'a zuwa kasuwa da makaranta. Duk mai keken da ka kora daga titi gobe zai dawo a cikin sahu ko a kan babur, ya ƙara maka cunkoso. A 2001 ministan sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya yi ta kiran 'yan Najeriya su hau keke, har wata bas ta tura shi cikin kwata a Abuja yana kan hanyar zuwa aiki. An yi masa dariya, amma ba shawararsa ce ta gaza ba, titin ne ba a shirya shi ba, har yau kuma ba a shirya ba.

Kai da ke riƙe da sitiyari, ga abin da ke hannunka. In za ka wuce mai keke, ka ba shi fili kamar za ka wuce ƙaramar mota, don rami ko yashi na iya sa ya goce ba shiri. Kada ka zo dab da bayansa ka danna ham, firgita shi za ka yi. Kada ka sha gabansa sannan nan take ka karya dama, wannan na cikin hanyoyin da aka fi take su. Idan babbar mota kake ja, ka san cewa gefenka na dama akwai wurin da madubi ba ya nuna maka, kuma ƙafafun baya suna yanke kwana fiye da na gaba. Kafin ka buɗe ƙofa a bakin titi ka waiwaya. Kafin ka fito daga layi ka dubi hagu, ka dubi dama, ko da titin hannu ɗaya ne, tunda ka riga ka san akwai mai aron hannu.

Idan kuma tsautsayi ya faɗa, na san tsoron taron jama'a ne ke sa direbobi gudu. In wurin ya yi zafi har kana tsoron ranka, ka wuce kai tsaye ofishin 'yan sanda mafi kusa ka ba da rahoto da bakinka, ka kira 122, lambar gaggawa ta hukumar kiyaye haɗurra, ka faɗi inda mutumin yake. In da hali ka kai shi asibiti, amma a ɗauke shi a miƙe, kai da wuya da baya a layi ɗaya, kada a naɗe shi a cusa a bayan sahu, kada kuma a ɗura masa ruwa. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta haramta wa kowane asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa, saboda haka idan aka ce sai ka kawo takardar 'yan sanda kafin a taɓa shi, ka nemi ganin babban likitan da ke bakin aiki.